Ranar da Sabo Ya Miƙa Karta da Hannu Biyu

Ni Tabawa, ban taɓa yin caca ba, ban kuma haifi mai yi ba. Na fara da wannan ne don kada wani ya ji rabin zancen ya ce tsohuwa ta je Masar ta lalace. Amma ba zan ɓoye ba, na tsaya a kan 'yan karta a birnin Alƙahira, tun bayan la'asar har rana ta yi ja, zuciyata tana bin kowace takarda da aka jefa a kan tebur. Yadda aka yi na kai can shi ne labarin.

Girki ya kai ni. Wata 'yar garinmu Gumel, mijinta yana aiki a ofishin jakadanci, ta aiko cewa yaranta sun rame, sun ƙi abincin ƙasar. Ni kuwa na tsufa a bakin murhu, ina tuyar masa da tuƙin tuwo a kasuwa, kuma ba a taɓa dawo mini da kwano da saura ba. Na ɗaure kuka da daddawa a ƙasan jaka na tafi.

Gidansu yana wata unguwa da ake kira Muhandisin, can sama, inda in ka leƙa ta taga motoci sai ka ga kamar ƙwari. Akwai wani akwatin ƙarfe da ke hawa da mutane. Na shiga sau ɗaya, hanjina ya taso har maƙogwaro, daga ranar na koma matakala. Mai gadin ƙofar, wani baƙauyen Masar mai doguwar riga, yakan ga na tsaya hutawa da kayan cefane, sai ya karɓa ya hau da su. Ba na jin bakinsa, ba ya jin nawa. Ranar da na ba shi dambu ya ci har da lasar yatsa, daga nan muka zama 'yan uwa. A kasuwa suka yi ta kuranta mini wata miyarsu wai mulukiya, na sa aka kawo, ashe lalo ce. Na ce to, kun daɗe kuna wahala, kawo in nuna muku yadda ake kaɗa ta.

Ana nan sai aka yi wa maigidan canjin aiki zuwa wata ƙasa mai nisa. Hajiya ta ce ko in bi su ko ta sa ni a jirgi in koma gida. Na ƙi duka biyun. Ina da gini a Gumel da ya tsaya ba rufi, na ce ba zan koma in kwana ina kallon taurari a ɗakina ba. Ta yi kuka, ta yi mini alheri, muka rabu lafiya.

Daga nan na tsallaka layin dogo zuwa unguwar Ardul Liwa. Tsakaninta da Muhandisin ba nisa, amma kamar ka fita daga falo ka faɗa cikin kasuwar kaji. Lunguna a matse, gidaje sun haɗa kai sun tare rana, 'yan tuktuk, wato keke mai ƙafa uku, suna bin ƙafar mutum kamar sun rantse sai sun taka. A nan na sami ɗaki tare da Hajja Sakina, mai yi wa amare lalle. Kakanninta mutanen Haɗeja ne da suka tafi Makka a ƙafa suka tsaya a Sudan, ita kuma yaƙi ya koro ta Masar. Hausarta irin ta kakata ce, sai dai ta cakuɗe da Larabci. Daren farko na kasa barci don sanyi, ta tashi ta lulluɓa mini bargonta, ta ce ita zufa take ji. Da asuba na gan ta a ƙudundune cikin mayafi.

Na kafa tukunya a ɗakin. Ɗaliban ƙasarmu masu karatun addini suka ji ƙamshin daddawa, suka riƙa zuwa. Cikin masu cin tuwona akwai Sabo, mutumin Damagaram, direba ne a gidan wani Bature a unguwar Zamalik. Magidanci ne, ya bar mata da 'ya'ya a gida. Ranar Juma'a kaɗai yake hutu, kuma a wurina yake ƙarar da ita. Iya yake kirana.

Matsalar ta fara ne da iƙama, wato hatimin izinin zama da ake bugawa a fasfo. Nawa ya ƙare. Wani ɗan ƙasarmu, Ɗanliti, mai ƙamshin turare da takalmi mai tsini, ya ce shi sabunta hatimi ne aikinsa, ya san kowa a ofishin. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Na ciro fasfona daga cikin lalita na ba shi. Da farko in na kira sai ya ce gobe. Daga baya ya ce jibi. Daga nan wayar ta daina shiga.

Ina cikin wannan sai mijin 'yata Hadiza ya bugo. Ita kaɗai ta rage mini cikin abin da na haifa. Na san tana fama da kumburin ƙafa, amma kullum sai ta ce da sauƙi. Ran nan ba ita ta yi magana ba. Ya gaishe ni, ya sake gaishe ni, sannan ya ce, "Iya, in da halin zuwa, ki zo."

Duk wadda ta haihu ta san abin da wannan ke nufi.

Aka ce ana iya yi mini takardar tafiya ta wucin gadi, amma sai na kai rahoton ɓatan fasfo wurin 'yan sanda, a bi layi, a yi bincike. Ni da izinin zamana ya mutu, in kai kaina? Na ga waɗanda suka shiga da ƙafarsu, aka daɗe ana kai musu abinci. Ba ni da wannan lokacin.

Sabo ne ya bi sawu, daga wannan direba zuwa wancan, har ranar wata Juma'a ya shigo bai ko kalli tuwo ba.

"Iya, na ga fasfonki."

"Yana ina?"

"Ki zauna tukuna."

"Na tsufa da zama. Yana ina?"

Ashe Ɗanliti ɗan caca ne. Akwai wani gidan shayi a ƙarshen unguwa, na wani tsoho Ammu Fathi. A ƙasa ana shan shayi da shisha, a sama kuma akwai ɗaki da ake rufewa a yi wata karta da suke kira bokar. A nan aka cinye Ɗanliti ƙarƙaf, ya ajiye fasfona jingina, ya ce zai dawo, ya bar gari.

Na ja mayafi. Hajja Sakina ta ce mace ba ta shiga irin wurin nan. Na ce to yau za ta shiga. Ta yi tsaki, ta ɗauko nata mayafin, ta ce ai ba zan je in yi ta zagin mutane da Hausa ba mai fassara ba.

Da muka hau matakalar, ɗakin ya yi tsit. Hayaƙi ya cika shi, taga ɗaya ce, maza sun kewaye tebur mai koren ƙyalle. Ammu Fathi yana zaune daga ƙurya. Fari ne, gemunsa fat, carbi a hannu. Da a masallaci na gan shi da na ce ya yi mini addu'a. Sabo ya yi masa bayani da Larabci. Tsohon ya buɗe wani gwangwanin alawa, ya ciro koren fasfona, ya duba hoton, ya dube ni.

Sakina tana fassara mini a kunne. "Ya ce, ya Hajja, hoton ya fi ki fara'a."

"Ce masa lokacin ba a sace mini komai ba."

Ta sassauta ta faɗa, na gani a fuskarta. Ya yi murmushi, ya faɗi abin da yake bin Ɗanliti. Ko na sayar da tukwanena da gadon Sakina ba za su kai ba. Sabo ya gaya masa 'yata na kwance. Tsohon ya ce Allah ya ba ta lafiya, amma shi ba shi ya kwantar da ita ba. Na ce a gaya masa kayan sata yake riƙe. Ya ce ga hanyar ofishin 'yan sanda can, in na je in gaishe su, su duba mini hatimina. Mazan suka yi dariya.

Ban yi kuka ba. Na rantse ba zan ba su wannan ba.

Sai tsohon ya ajiye fasfon a tsakiyar tebur, ya ɗora kwanon tokar sigari a kai, ya ce a gidansa abin da ya shigo ta tebur, ta tebur yake fita.

Sabo ya ja kujera.

Na kama rigarsa. "Kai, me za ka yi?"

"Iya, na ɗan iya. Mukan yi da direbobi in muna jiran iyayen gida."

"Caca? A gabana?"

"To in tashi mu tafi?"

Na duba fasfon. Na tuna muryar surukina. Hannuna ya saki rigar da kansa. Allah ya ga zuciyata, shi ya san abin da zai yi da ni.

Tsohon ya tambayi abin da Sabo zai sa. Ba shi da komai sai hannunsa na tuƙi. Suka daidaita: in Sabo ya ci, fasfo nawa. In aka cinye shi, duk ranar Juma'a zai tuƙa motar kayan Ammu Fathi kyauta har sanyi ya wuce, fasfo kuma ya koma gwangwani. Hutunsa ke nan kaɗai a duniya ya ɗora a kan tebur saboda ni, ni da ban haɗa komai da shi ba sai kwanon tuwo.

Mai rabon karta wani siriri ne mai suna Sayyid, ɗan ƙanwar tsohon. Ya raba musu marafan kwalba a madadin kuɗi, daidai da daidai, wanda ya kwashe na ɗan uwansa duka shi ya ci. Ni ban yi boko ba, amma ido gare ni, kuma ban daɗe a tsaye ba na gane tafiyar. Kowa ana ba shi karta biyu ya ɓoye. Sai a shimfiɗa biyar a tsakiya a buɗe, na kowa da kowa, mutum ya haɗa da nasa. Ana yi ana tura marafai. In mutum ya ga nasa ba kyau, sai ya ture kartarsa a kife da ɗan yatsa, Sayyid ya share ta zuwa wani tari a gefensa, shi ke nan ya sallama wannan zagayen. In kuwa ba wanda ya sallama, a ƙarshe kowa ya buɗe nasa, wanda ya fi ya kwashe.

Da farko tsohon ya yi ta ci. Marafan Sabo suka riƙa raguwa. Sakina ta riƙe hannuna har farcenta ya shige. Can sai Sabo ya sami wani zagaye mai kyau. Don murna ya ɗaga kartarsa ya maka a kan tebur, fas, har kofin shayin tsohon ya yi tsalle, ya kuma yi wata shewa irin ta 'yan tasha. Na ga fuskar Ammu Fathi ta canza, mutanensa suna kallonsa.

Na ranƙwashi Sabo a ƙeya.

"Kai! Sa'an ubanka ne. Haka aka koya maka a Damagaram?"

"Iya, haka ake yi..."

"Ba a gabana ba. Ko wuta ce ka shiga, dattijo dattijo ne."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Iya." Har gobe ban ce na yi kuskure ba. Abin da ya dace na faɗa.

Aka ci gaba. Rana ta sauko ta shigo ta tagar nan ta kwanta a kan ƙyallen. Marafai suka dawo kusan daidai. Sai aka yi wani rabo, Sabo ya ɗaga gefen kartarsa, ni ina tsaye a bayansa na gani: hoton mata biyu, ɗaya ja, ɗaya baƙa. Ya mayar ya rufe. Kunnuwansa kaɗai suka motsa. Sayyid ya shimfiɗa na tsakiya, cikinsu ga sarki mai gemu, ga kuma wata mace. Ban san darajarsu ba a lokacin. Daga baya Sabo ya gaya mini iri ɗaya guda uku sun fi iri ɗaya guda biyu, ko da biyun sarakuna ne.

Tsohon ya ajiye carbi, ya ture marafansa duka zuwa tsakiya. Sabo ma ya ture nasa. Ba sauran komai a gaban kowa. Masu shisha suka ajiye bututu suka matso.

Ammu Fathi ya buɗe nasa a hankali. Sarki ne a ciki, ya haɗu da na tsakiya, sarakuna biyu. Mutanensa suka ɗau sowa, wani yana bubbuga kafaɗarsa, wani yana cewa khalas, khalas, wato an gama. Tsohon ya jingina yana murmushi, ya ce wa Sabo, "Yalla, buɗe naka, ya ɗana."

Sabo ya san ya ci. Kuma ya san in ya buɗe, sowar nan za ta koma dariya a kan farin gemun nan, a cikin gidansa, a gaban yaransa. Ga ranƙwashina bai huce ba. Sai ya yi abin da duk ɗan kirki zai yi a ƙasarmu in zai nuna wa babba abin da ba zai yi masa daɗi ba. Ya miƙe daga kujera, ya rusuna, ya ɗauki kartar da hannu biyu, ya ajiye a gaban tsohon a kife, don ya buɗe da kansa, ya gani shi kaɗai kafin kowa.

Hannun Sayyid ya sauko kamar shaho, ya ja su zuwa tarin.

Sabo ya yi ihu. Ni ban san lokacin da na motsa ba. Tafin hannun nan nawa da ya sha muciya ya sauka a kan kartar, na danne su da ƙyallen tebur. Gefen ɗaya ya riga ya taɓa tarin.

Ɗakin ya kama da wuta. Kujera ta faɗi. Kowa yana magana, ba mai jin kowa. Na ji an murza makulli a ƙofa a bayanmu. Sayyid yana jan kartar ta ƙarƙashin hannuna, yana yi mini tsawa a fuska, yawunsa na taɓa ni. Ban ɗaga ba.

"Me yake cewa?" na tambayi Sakina.

Ta matso kusa. "Ya ce Sabo ya jefar. Duk kartar da aka tura gaba a kife ta mutu. Ya ce doka ce, ko'ina a duniya. Tabawa, don girman Allah ki ɗaga hannu, sun kulle ƙofa."

"Su kulle."

Sabo yana rantsuwa da Larabci, yana nuna ƙirjinsa, yana nuna tsohon. Wani mai tabarau daga cikin 'yan kallo ya ce in dai an san kartar, ba ta ɓace cikin tarin ba, ana iya buɗewa, karta ita ke faɗin wanda ya ci, ba bakin mutum ba. Sayyid ya ce ta taɓa tarin, kowa ya gani. Wani ya ce gefe ne kawai. Wani ya ce gefe ma taɓawa ne. Suka rabu biyu, har wasu suka fara cin kwalar juna. Ammu Fathi yana zaune a inda yake. Yana kallon hannuna.

Na ce wa Sakina, "Ki faɗa masa abin da zan faɗa, kuma kada ki sa masa zuma."

Na dubi tsohon ido cikin ido.

"Tun la'asar nake tsaye a nan. Na ga yadda kuke jefarwa. Da ɗan yatsa kuke turewa, kamar mai korar ƙuda, ko kallo ba ku yi. Wannan ya tashi tsaye. Ya rusuna. Ya sa hannu biyu. Kuma ba gaban wancan siririn ya kai ba, gabanka ya kawo. Ka taɓa ganin wanda ya rusuna don zai zubar da shara?"

Sakina ta fassara. Hayaniyar ta ragu.

"A garinmu yaro ba ya kayar da sa'an ubansa a bainar jama'a. In gaskiya ta kama, sai ya kai masa a rufe, ya bar shi ya buɗe. Ɗazu da ya maka karta a gabanka, ka ga na ranƙwashe shi. Don kai na yi. Yanzu ya girmama ka, sai ka ce girmamawar ce ta kashe shi?"

Tsohon ya ɗauki carbinsa. Ya yi magana a hankali, Sakina tana bi.

"Ya ce, ya Hajja, ya ji. Amma ya ce tun kafin Sayyid ya yi gemu ake karta a ɗakin nan, ba a taɓa zub da jini ba, don dokar ɗaya ce: abin da ya tafi a kife ya tafi. Ya ce in ya buɗe wannan yau, gobe duk wanda ya jefar ya ga ya yi kuskure, sai ya ce gaishe shi yake yi."

Maganar gaskiya, hujja ce. Na ji ta har cikin ƙashina. Amma ban je Masar don in yarda da hujjar mai gidan caca ba.

"Ce masa mata biyu ne a ƙarƙashin hannuna, ja da baƙa. Ga ta uku can a tsakiya. In ƙarya nake, ya riƙe fasfon har abada. Ni ba dokarsa na zo karyawa ba. So nake ya sani, shi, a ransa, abin da yake ci."

Wani ya yi dariya ya ce wani abu, aka yi masa tsawa. Sakina ta ce wai cewa ya yi mata uku sun taru a kan sarki, yau an shiga uku.

Ammu Fathi bai yi dariya ba. Ya nuna hannuna ya ce in ɗaga.

Nan ne na fi jin tsoro a duk zamana na Masar. In na ɗaga, Sayyid na iya shafe su cikin tarin kafin in ƙifta, ba wanda zai ƙara sanin mene ne. In na ƙi, ga ƙofa a kulle, ga maza sun fusata. Na dubi Sabo, zufa na ɗiga daga haɓarsa. Na dubi fasfon a ƙarƙashin kwanon tokar sigari. Na yi bisimilla na ɗaga.

Sayyid ya miƙo hannu. Tsohon ya buge shi da carbi a kan yatsu.

Ya jawo kartar gabansa, ya kare su da tafinsa, ya ɗaga gefensu kaɗan yadda shi kaɗai zai gani. Ya daɗe yana kallo. Har ƙarar tuktuk daga titi ana ji. Sannan ya sauke, ya ture su cikin tarin, ya cuɗa da hannunsa har suka ɓace.

Ya faɗi kalma ɗaya. Ban buƙaci fassara ba. Ta mutu.

Sabo ya zube a kan kujera ya riƙe kai. Sakina ta fashe da kuka. Ni kuwa na dafa tebur. Na ga Hadiza kwance, tana juya kai wajen ƙofa duk lokacin da aka yi sallama.

Tsohon ya kwashe marafan duka gabansa. Ya ɗaga kwanon tokar sigari, ya ɗauki fasfona, ya juya shi gaba da baya kamar bai taɓa ganinsa ba. Sai ya sake shi, ya faɗa a kife cikin tarin matattun karta. Ya juya ga Sayyid yana masa faɗa da ƙarfi.

"Me ya ce?"

Sakina ta share ido. "Wai... wai wa ya bar wannan tarkacen a cikin kartarsa. Ya ce abin da ke cikin tarin nan ba na kowa ba ne, shi bai san da shi ba, mai shara ya kwashe."

Mai shara. Ni. Na buɗe baki zan ce a gaya masa ba sadaka na zo nema ba, Sabo ya ci, ya faɗa da bakinsa a gaban kowa. Sakina ta toshe mini baki da hannunta mai lalle.

"Wannan kam ba zan fassara ba. Ɗauki, Tabawa. 'Yarki."

Na haɗiye. Ya fi maɗaci ɗaci, amma na haɗiye. Na sa hannu cikin tarin na zaro fasfona, na kaɗe shi, na tura cikin lalita na ɗaure.

Sabo ya miƙe ya tambayi tsohon zancen mota. Tsohon bai ko kalle shi ba, ya ce Juma'a bayan salla tana bakin ƙofa, ai an cinye shi, kowa shaida ne. Na ce wannan zalunci ne, a gaya masa. Sabo ya kama hannuna. "Iya, mu sauka kafin ya sake shawara." Aka buɗe ƙofa. Mai tabarau ya matsa mana, ya ɗora hannu a ƙirji ya ce, "Ma'alish, ya Hajja," wato in yi haƙuri.

A matakala Sabo ya zauna. Yana dariya, hawaye na zuba.

"Iya, mata uku fa. Tunda nake ban taɓa samun irinsu ba."

"Allah ya sa su ne na ƙarshe."

"Ke kika ce in girmama shi."

"Na ce. Tashi, kada magariba ta same mu a gidan caca."

Sabo ya tuƙa motar nan duk tsawon sanyi, albasa da gawayi da buhunan sukari. Bai taɓa yi mini gori ba. Na ji daga baya tsohon yakan zauna a gaba kusa da shi, su yi ta hira, amma bai taɓa ta da zancen abin da ya gani a ƙarƙashin tafinsa ba.

Sauran hidimar, ɗaliban da ke cin tuwona ne suka yi. Su suka raka ni ofishin da ake biyan tarar wuce wa'adi, su suka haɗa abin da ya cike kuɗin jirgi. Na bar wa Sakina tukwanena da sauran daddawa. Ta raka ni har layin dogo, ta ce in gaishe mata da Haɗeja, garin da ba ta taɓa gani ba.

Daga filin jirgin Kano ban biya gida ba, asibiti na wuce. Surukina yana tsaye a baranda. Na duba fuskarsa tun daga nesa don in san abin da ke jirana, ya ɗaga mini hannu ya nuna ƙofa.

Hadiza tana kwance, ta zama kamar ba ita ba, ƙafafun a kumbure, wuyan kamar tsinke. Na zauna a bakin gadon na ɗora kanta a cinyata. An ce ta kwana biyu ba ta gane mutane. Na kira ta da sunan da nake kiranta tana goye. Ta buɗe ido, ta daɗe tana dubana.

"Iya," ta ce, "kin daɗe."

"Wata gardama na tsaya rabawa," na ce. "Ɗago in ba ki kunu."